KAREN GIDA KO KAREN TURAI? Jawabin likitan dabbobi ga ɗaliban yaƙi da jahilci

Bayan an gama aikin kaka, wani likitan dabbobi na ma'aikatar kiwo ya ziyarci wata cibiyar yaƙi da jahilci ta karkara. Ɗalibai maza da mata sun taru. Mai gari da liman sun zo, haka ma mafarauta da makiyaya. Kowa ya zaci maganar lambar shanu za a yi. Sai likita ya ce yau zancen kare ya kawo shi. Aka yi dariya. Ga abin da ya faɗa.

Likita ya ce ya san dalilin dariyar. Kare ba a yanka shi ranar suna. Ba a tatsarsa. Ba a kai shi kasuwa in hatsi ya ƙare a rumbu. Amma in dare ya raba, mai garke ya yi barci, wa ke zaune waje yana sauraren dila? In ɓarawo ya doso turken tumaki, wa ke fara sanarwa? Kare ne. Ma'aikaci ne wanda ba ya karɓar albashi. To, wannan ma'aikacin, in an yi sakaci da shi, shi ne kuma ke shigo da mutuwa cikin gida.

Ya ce abu biyu ya gani a yawon da yake yi cikin ƙauyuka. Na farko, samarin da suka dawo daga cin rani a Yamai, ko Kano, ko Kotonu, ko Abijan, sun fara raina karen gida. Sun ga manyan karnuka bayan ƙofar masu kuɗi, sai su ce waɗannan su ne karnuka masu asali. Wani har ya kashe abin da ya tara ya sayo kwikwiyo ɗaya. Na biyu, babu bayan garin da ya wuce bai ga ƴan kwikwiyon da aka zubar ba, idonsu ma bai buɗe ba. Ya ce waɗannan abubuwa biyu tushensu ɗaya: ana riƙe kare ba tare da an yi tunani ba.

Nan liman ya sa baki. Ya ce hadisi ya yarda da riƙe kare don farauta, don tsaron dabbobi, da don tsaron gona. Wanda ya riƙe shi kuwa, ci da shansa suna wuyansa. Ya tuna wa jama'a labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai jin ƙishirwa a bakin rijiya. Zancen saye da sayar da kare kuwa, ya ce malamai sun yi saɓani a kai, mai so ya same shi a zaure. Likita ya gode masa, ya ci gaba.

MENE NE KARE MAI ASALI?

Ya ce kowa a nan ya san jar akuya ta Maraɗi. In jan bunsuru ya barbari jar akuya, ba a tsammanin baƙi ko ɗan roɗi-roɗi. Ja ake jira, kuma ja ke zuwa. Haka ma saniyar Azawak. A tashar kiwo ta Tukunus, kusa da Filinge, ana rubuta uwar kowane maraƙi da ubansa, ana auna nonon da uwar ke bayarwa, ana ware nagari don iri. Wannan shi ake nufi da tsantsar iri: dabbar da aka san iyayenta da kakanninta, duk kamarsu ɗaya.

Turawa sun yi wa kare irin wannan aikin. Abin bai daɗe ba kamar yadda ake zato. A shekarar 1859 aka fara gasar nuna karnuka a ƙasar Ingila. A 1873 suka kafa ƙungiya mai riƙe da littafin asalin karnuka. Babban karen nan na Jamus mai tsayayyun kunnuwa, wanda ƴan birni ke kira berje, a 1899 wani hafsan soja ya fara rubuta irinsa. Yau akwai iri fiye da 300 da aka yi wa rajista a duniya. Wani don kiwon tumaki, wani don farauta, wani don jan kaya bisa ƙanƙara, wani kuwa don ado kawai.

Amfanin tsantsar iri a fili yake. Tun kare yana kwikwiyo an san girman da zai yi. An san irin gashinsa. An san aikin da jininsa ke so. Likita ya ce bai zo don ya kushe wannan ba.

Amma akwai wani gefen da mai sayarwa ba ya faɗi. Don iri ya zauna tsantsa, sai an rufe ƙofa. Ba a barin baƙon jini ya shigo. Dangi ke barbarar dangi, shekara da shekaru. Ya tambayi makiyaya: in bunsuru ɗaya ya daɗe cikin garke, yana hawan ƴaƴansa da jikokinsa, me ake gani? Suka amsa: ƴan awaki su kan fito ƙanana, marasa ƙwari, wasu da naƙasa. Ya ce to haka ne ga kare. Akwai ciwon da ke ɓoye cikin jini. In uba kaɗai ke ɗauke da shi, ba ya fitowa. In uwa da uba duk suna ɗauke da shi, sai ya bayyana ga ɗa. Dangi kuwa su suka fi haɗa ɓoyayyen ciwo iri ɗaya.

Shi ya sa kusan kowane iri na Turai yake da ciwon gadonsa. Berje ya yi suna da ciwon ƙugu. Ƙashin cinya ba ya zama daidai cikin gurbinsa, sai ka ga ƙaton kare yana jan ƙafafun baya tun bai tsufa ba. Akwai wani mai suna buldok, wanda aka yi ta zaɓen masu gajeren hanci har numfashi ya zame masa aiki. Kan ƴaƴansa ya yi girma ƙwarai, har mafi yawan matan ba su iya haihuwa sai likita ya yi musu aiki ya fiddo ƴaƴan. A ƙasar Norwe, a shekarar 2023, babbar kotu ta hana a ci gaba da hayayyafar wani ɗan ƙaramin karen ado, saboda ciwon da ake haifarsa da shi ya yi yawa. Likita ya ce in masu abu da kansu sun kai shi gaban alƙali, bai kamata baƙo ya rufe ido ya saya ba.

Sai kuma zancen ƙasa. Kare ba ya zufa kamar mutum. Da haki yake fitar da zafin jikinsa, shi ya sa yake zaro harshe. Karen da aka yi don ƙasar sanyi, mai gashi biyu kamar ya yafa bargo, yaya zai yi da zafin bazara a Tawa ko Damagaram, lokacin da awon zafi ke wuce 40? Mai gajeren hanci kuwa yana iya faɗuwa ya mutu da rana tsaka.

Ga kaska. Akwai wani ciwo da kaska ke sa wa kare, wanda aka fara ganowa a ƙasar Aljeriya a 1935. Kare ya yi zazzaɓi, ya bar cin abinci, ya rame, wani lokaci ya yi haɓo. Likitoci sun lura berje ya fi sauran karnuka shan wuya da shi. Lokacin yaƙin Biyetnam, wannan ciwon ya kashe karnukan sojan Amurka da yawa, alhali suna da likitocinsu da magungunansu. Ina ga wanda aka kawo ƙauyen da ke da nisan yini guda da ma'aikatar kiwo?

Ga kuma ciki. Namijin berje yana kai kilo 30 zuwa 40. Ba ƙanzon tukunya zai riƙe shi ba. Gidan da ke auna hatsi da tiya lokacin damina, ya yi lissafi kafin ya ƙara wa kansa irin wannan bakin.

Likita ya ƙara da wani gargaɗi. A birni akwai masu tsayawa bakin hanya da ƴan kwikwiyo cikin kwali. Kowane mai manyan kunnuwa sunansa berje. Babu uwa a wurin, babu uba, babu takardar lamba. Bayan wata shida sai mai saye ya ga abin da ya sayo bai kai karen da ya baro gida ba. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da kare an sayi biri. Aka sake yin dariya, wasu suna duban wani saurayi da ya sunkuyar da kai.

KAREN GIDA BA BARBARAR YANYAWA BA NE

Ya ce mutane suna ce wa karen ƙauye barbarar yanyawa, wai ba shi da asali. Wannan kuskure ne. A shekarar 2009 wasu masana na Amurka sun fitar da sakamakon binciken jinin karnukan ƙauye na Masar, da Uganda, da Namibiya. Sun gano mafi yawansu ba gaurayen karnukan Turai ba ne. Tsohon iri ne na Afirka, kuma jininsu ya fi na masu takarda faɗi. Ma'ana, kakanninsu suna da yawa, ba daga gida ɗaya suka fito ba.

Wa ya zaɓi karen gida? Babu ƙungiya, babu littafi. Rana ta zaɓe shi, da yunwa, da kaska, da ƙaya. Wanda bai iya jurewa ba ya mutu tun bai bar baya ba. Wanda ya jure shi ya haifi na yau. Gashinsa gajere, jikinsa ba nauyi, abinci kaɗan ya ishe shi.

Amma kada a ce ƙarfe ne. Haukan kare ba ya tambayar asali. Zawon jinin da ke kashe ƴan kwikwiyo yana kashe na gida kamar yadda yake kashe na Turai. Kuma karen gida yana da nasa raunin: ba duka ne halinsu ɗaya ba. Wani jarumi, wani matsoraci, wani ɓarawon ƙwai. Sai dai a ƙauye wannan ba matsala ba ce, don kowa ya san karyar wane, ya san abin da ta saba haifa. Abin da Bature ke nema cikin takarda, mutumin ƙauye yana ganinsa da idonsa.

Wani ya tambaya game da ruwa biyu, wato a haɗa berje da karyar gida don a samu girman wannan da juriyar waccan. Likita ya ce ana dacewa, ana kuma rashin dace. Gado ba a raba shi yadda mutum ke so. Ɗan yana iya ɗauko girman uba da juriyar uwa. Yana kuma iya ɗauko ciwon ƙugun uba da tsoron uwa. Banda haka, ƙaramar karya da ƙaton kare, haihuwa tana iya yi mata wuya.

KAREN AZAWAK

Likita ya ce wanda ke son kare mai asali, ba sai ya ƙetare teku ba. Ƙasar Nijar tana da nata. A arewacin Tawa, wajen Abalak da Cintabaraden da Tasara, har zuwa Menaka ta ƙasar Mali, akwai karen da ya ɗauki sunan kwarin Azawak, kamar yadda saniyar ta ɗauka. Buzaye suna ce masa oska. Dogo ne, siriri, ƙirji mai zurfi, ciki a ɗame. Wanda bai san shi ba sai ya ce yunwa ce, don ana ganin haƙarƙarinsa. Ba yunwa ba ce, haka halittarsa take. Namiji yana kai santimeta 64 zuwa 74 a tsaye, nauyinsa kilo 20 zuwa 25. Yana tsaron zango da dare, yana korar dila daga garke, yana cim ma zomo a guje.

A farkon shekarun 1970 aka fara kai shi Yugoslabiya da Faransa. Turawa suka rubuta shi cikin littafinsu. A 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta karɓe shi sosai cikin nata. Yau akwai mutanen da ke alfahari da shi a ƙasashen da ba su taɓa ganin raƙumi ba sai a hoto. Amma da yake karnukan da aka fara kaiwa kaɗan ne, ƴaƴansu duk suka zama dangi. Sai ga masu kiwonsa a Turai suna dawowa Sahel neman sabon jini wurin makiyayan da ba su da takarda ko ɗaya.

Ya ce a yi tunani a kan wannan. Makiyayi bai rubuta kome ba, amma ya san karyar da ta fi, ya san karen da zai bari ya hau ta, kuma ba ya riƙe ƴaƴan da ba zai iya ciyarwa ba. Farin 1973 da na 1984 sun watsa makiyaya da yawa, wasu suka zauna gefen garuruwa. In aka bar karen Azawak yana gauraya da kowane kare barkatai, wata rana sai an je Turai kafin a ga irinsa. A ganin likita, wannan abin kunya ne.

Duk da haka, shi ma ba na kowa ba ne. Kare ne mai son fili. Yana manne wa mai shi, ba ya sakin jiki da baƙo. Wanda zai ɗaure shi a turke cikin ƙaramin gida dare da rana, ya bar shi wurin masu shi.

TO, WANNE ZA A ZAƁA?

Wani tsohon mafarauci ya ɗaga hannu. Ya ce: «Likita, ka kushe wancan, ka yabi wannan, ka kuma sake kushewa. Mu wanne za mu riƙe?»

Likita ya ce: «Baba, kai da za ka sayi jaki, sunansa kake tambaya ko ƙafarsa kake dubawa?»

Tsoho ya ce ƙafa, da haƙori.

Likita ya ce to haka ne. A fara da aiki. Me ake so karen ya yi? Mai garke ya nemi ɗan karyar da ta tashi cikin dabbobi, wadda ba ta taɓa kama ɗan akuya ba. Mafarauci ya nemi ɗan wadda aka ga gudunta, ya kuma tuna farauta tana da doka, ma'aikatan gandun daji ke ba da izini. Mai son tsaron gida ya nemi ɗan wadda ke haushi ga baƙo amma yaran gida suna wasa kusa da ita. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kada a karɓi kwikwiyon da ba a ga uwarsa ba. In da hali a ga uban ma.

Sa'an nan a dubi shi kansa kwikwiyon. Idonsa garau, ba kwantsa. Hancinsa ba majina. Cikinsa bai kumbura kamar tulu ba, don wannan alamar tsutsa ce. Fatarsa ba ƙazwa. A ɗaga leɓensa, dasashi ya zama ja-ja, ba fari ba. A tafa hannu ta bayansa a ga ko yana ji. Wanda ya taho yana shinshina hannun mutum ya fi wanda ya laɓe yana rawar jiki. Kuma kada a raba shi da uwarsa kafin ya cika wata biyu. Wanda aka cire da wuri ya fi kamuwa da ciwo, ya kuma fi zama mai cizo, don wurin uwa da ƴan'uwa kare ke koyon ladabi.

HAIHUWA DA LISSAFI

A nan likita ya tashi ya ɗauki alli. Ya ce tun da makaranta ce, bari a yi lissafi. Karya tana neman barbara kusan sau biyu a shekara, ko da yake da yawa cikin na Azawak sau ɗaya suke yi. Cikinta kwana 63 ne, wata biyu da ƴan kwanaki. A ce ta haifi 6 kowane karo. Ya rubuta a allo: 6 × 2. Ɗalibai suka ce 12. Ya ce a shekara 5 fa? Suka yi shiru kaɗan, sai wata mace ta ce 60. Ya ce to ga karya ɗaya ke nan, ba a sa abin da ƴaƴanta mata za su haifa ba. Gida nawa ne a garin nan? Wa zai ciyar da 60?

Waɗanda ba a ciyar ba, ba duka ke mutuwa ba. Wasu suna rayuwa a bola da bayan mahauta. Su haɗa gungu, su shiga daji, su koyi cin mushe, daga nan su koma kama ƴan tumaki. Babu mai yi musu lamba, don ba su da mai su. Cikinsu haukan kare ke yawo. Mutumin da ya zubar da kwikwiyo bayan gari yana ganin ya rabu da wahala. Bai sani ba ko ita ce za ta dawo ta tare ɗansa a hanyar rijiya.

Saboda haka, in ji likita, mai karya ya ƙidaya gidajen da suka yi alkawarin karɓa tun kafin barbara, ba bayan haihuwa ba. In babu masu so, a hana ta. Alamar lokacinta ba ta ɓuya: gabanta ya kumbura, tana ɗigar jini, karnukan gari suna taruwa ƙofar gida. Abin yana ɗaukar kamar mako uku. A tsare ta a wuri mai inuwa da ruwa, wanda kare ba zai tsallaka ba. Wanda ba ya son haihuwa sam, likitan dabbobi yana fiɗiye namiji, a manyan garuruwa kuma ana yi wa mace aiki ta daina. Kada a yi da reza ko roba a gida. Kada kuma a ba karya ƙwayoyin tsarin iyali na mata.

In kuwa ana son iri, mai karya shi zai zaɓi uba, ba titi ba. Karyar da aka saki tana iya karɓar karnuka uku, ƴaƴan ciki ɗaya su fito uba daban-daban. Kada uba ya hau ƴa, ko ɗa ya hau uwa, ko wa ya hau ƙanwa. A aro kare daga wani gari, kamar yadda ake aron rago. Kada a bar ta ta ɗauki ciki a zuwan farko, ita ma yarinya ce tukuna, a jira ta kai shekara ɗaya da rabi ko biyu. In ta haihu, a bar ta ta huta zuwa ɗaya. In ta tsufa, a ƙyale ta.

Akwai karnukan da bai kamata su bar baya ba, kome kyansu: mai cizon mutane ba dalili, mai farfaɗiya, mai jan ƙugu. Akwai kuma wani tsiro mai zubar da jini da ke fitowa a gaban kare ko karya. Ta wurin barbara yake yaɗuwa. Yana da magani wurin likita, amma mai shi kada ya kusanci wani sai ya warke.

Likita ya roƙi iyaye su hana yara wani abu. In kare da karya suka sarƙe bayan barbara, yara su kan bi su da jifa da sanda. Wannan sarƙewar halitta ce, da kansu suke rabuwa kafin rabin awa. Raba su da ƙarfi yana ji musu ciwo, kuma nan ne ake cizon yara.

Karya mai shayarwa tana bukatar ninki biyu ko uku na abincin da ta saba ci. Tuwo, da ɗan nono, da abin da ya samu na nama, da ruwa kullum. Ƙashin kaza dafaffe da ƙayar kifi suna tsaga hanji, kada a ba ta. A yi mata wuri a gefe, yara su bar ɗaukar ƴaƴan. Idonsu yana buɗewa bayan kwana 10 zuwa 14. Daga mako biyu ana iya fara ba su maganin tsutsa, likita zai faɗi awon.

Ya juya ga mahauta. Ya ce wani lokaci in an feɗe tunkiya ko raƙumi, ana ganin ƙululu mai ruwa a hanta ko huhu. Aka ce ƙwarai, shi ake yankewa a jefa wa kare. Ya ce to daga yau a bari. Ƙululun nan gidan tsutsa ne. In kare ya ci, tsutsar ta girma cikin hanjinsa, ƙwanta ya fita cikin kashi, ya hau ciyawa da hannun yara. Mutum ma yana kamuwa, ƙululun ya girma cikin hantarsa, sai an yi masa aiki. A ƙone shi ko a binne da zurfi, musamman ranar layya da ake yanka a kowane gida.

IN KARE YA CIJI MUTUM

Wata dattijuwa ta ce: «Likita, mu da kare ya ciji yaro, mu kan sa toka, ko barkono, ko gashin karen a bakin ciwon. Ba ya yi?»

Likita ya ce: «Inna, ba ya yi. Ruwa da sabulu ke yi, sa'an nan allura.»

Ya ce hukumar lafiya ta duniya ta ƙiyasta haukan kare yana kashe mutum wajen 59 000 kowace shekara, kusan duka a Afirka da Asiya. Cikin 10 da ake zaton mahaukaciyar dabba ta ciza, 4 yara ne da ba su kai shekara 15 ba. Kusan kullum daga kare ciwon ke zuwa. In alamunsa suka fito ga mutum, ya fara tsoron ruwa, yana firgita, to babu magani. Amma kafin su fito akwai. Tun 1885 wani masani na Faransa mai suna Pastor ya ceci wani yaro da allura.

Wanda kare ya ciza, ko ya yakusa, ko ya lashi ciwonsa, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15. Ba shafawa ba, wanki sosai, ana zuba ruwa. Sa'an nan a tafi gidan likita ranar nan, kada a jira ranar kasuwa. Allurar ba ɗaya ba ce, a cika su duka ko da ciwon ya warke. Karen kuwa, in an san shi kuma ba ya nuna hauka, kada a kashe shi. A ɗaure shi, a ba shi ci da sha, a sa masa ido aƙalla kwana 10, a sanar da ma'aikatar kiwo. Wanda ya canza hali, yana dalalar da miyau, yana cizon itace da duk abin da ya tarar, kada kowa ya matsa kusa da shi.

Kwikwiyo yana karɓar lambar hauka in ya cika wata uku, a riƙa sabunta ta kowace shekara. Masana sun nuna in aka yi wa kare 7 cikin 10 lamba a gari, ciwon ba ya samun hanyar yaɗuwa. Amma ba a iya kaiwa 7 cikin 10 in rabin karnukan gari ba su da mai kama su. Nan ne zancen haihuwa barkatai da zancen hauka suka haɗu.

Daga ƙarshe likita ya ce wa ɗalibai su buɗe littattafansu. Tun da yanzu sun iya rubutu, kowane mai kare ya ware shafi ɗaya. Ya rubuta sunan karen, da na uwarsa, da gidan da ubansa yake. Ya rubuta ranar haihuwa, da ranar barbara, da ranar lamba. Ya ce takardar asalin da ake taƙama da ita a birni ba ta wuce wannan ba.

Malamin cibiya ya ja layuka a allo, ɗalibai suka kwafa. Mai gari ya sa ɗalibai huɗu su bi gida-gida ran Asabar su ƙidaya karnukan gari, maza daban, mata daban, a aika wa ma'aikatar kiwo don ta san yawan allurar da za ta zo da ita.